Fuskar da Ruwa Ya Cinye

Karo na biyu ke nan Mama tana mayar da mutanen Mai Firem, mai neman aurena, hannu rabbana.

Ba da faɗa ta yi ba, ita ba ta ma iya faɗa ba. Kujeru ta ba su a falo, ta sa na kawo musu ruwan sanyi, ta saurare su har suka dire maganarsu. Sannan ta goge ido da bakin mayafinta ta ce, "Ku yi haƙuri, bayin Allah. Yarinyar nan tana da miji a gidan nan."

Ina bayan labule da tire a hannu. Saura kaɗan kofunan su tarwatse a ƙasa.

Mijin da take nufi shi ne Ƙarami, ƙanen mijina.

Mama uwar mijina ce. 'Ya'ya biyu Allah ya ba ta, duk maza, tun suna yara take kiransu Babba da Ƙarami har sunan ya bi su. Babba na aura. Muka haifi 'ya ɗaya, Lele. Ko yaye ta ban yi ba motar da ya shiga zuwa wurin aiki ta yi haɗari, bai dawo gida da ƙafarsa ba. Shekara ta huɗu ke nan muna ciki.

Ban koma gidanmu ba. Mahaifiyata ta rasu tun ina ƙarama, Mama ce ta zame mini uwa. Lokacin da na daina cin abinci, ita ta riƙa ba ni a baki kamar jaririya. Lokacin da na kasa ɗaukar Lele, don ina kallonta uban nake gani, ita ta goya ta. Har yau a gadon Mama Lele take kwana, ƙafarta ɗaya a kan cikin tsohuwar.

Shi ya sa da mutanen Mai Firem suka fara zuwa wurin mahaifina, bai ja zance ba. Ya ce, "Ku je wurin uwar mijinta. Abin da ta yanke shi na yanke. Matar nan ta yi mana abin da ba mu da bakin gode mata."

Da Mama zagina take yi, da na san yadda zan yi da ita. Amma matar da ta ba ni abinci a baki, da wane bakin zan ce mata a'a?

* * *

Ba a daɗe da wannan ba bututun ruwa ya fashe a cikin silin ɗin ɗakin Mama. Ba wanda ya lura, ruwan ya yi ta ɗiga a bayan sif ɗinta har katakon ya kumbura. Sai da wari ya fara tashi aka jawo shi.

Ina kicin na ji ihunta.

Na same ta zaune a ƙasa daɓas, ta rungume albam ɗin Babba. Tun rasuwarsa ta kulle shi a sif ɗin, ko ni ba ta bari in taɓa. Ni ma ban nema ba, zuciyata ba za ta ɗauka ba. Yanzu ga shi ya jiƙe sharkaf, shafukan sun manne, fumfuna ta yi masa baƙi-baƙi a gefe.

"Ya sake mutuwa," ta ce. "'Yata, ɗana ya sake mutuwa a hannuna."

Ta kai yatsa za ta goge wani hoto, na riƙe hannunta.

"Kada ki murza, Mama, launin zai biyo yatsanki. Ba ni nan."

Gyaran tsofaffin hotuna shi ne sana'ata. Wanda ya koɗe, wanda ya yage, wanda ɓera ya ci masa gefe, in sa shi a sikana in ɗora a kwamfuta in dawo masa da kamanninsa. Na raba shafukan a hankali, na shimfiɗa hotunan a inuwa tsakanin fararen takardu. Da yawa sun tafi, babu abin da ya saura sai zane-zanen ja da ruwan ɗorawa.

Wanda Mama take kuka a kansa guda ɗaya ne. Ranar da Babba ya gama makaranta aka ɗauke shi, ya dafa kafaɗarta yana dariya, ya kalli kyamara kai tsaye.

Shi kaɗai ne irinsa a duniya. Babba ya tsani hoto. Ya auri mai hoto, amma da na ɗaga waya sai ya kare fuska da tafin hannu ya ce, "Ke da kike ganina kullum, hoton me kuma?" Ko na aurenmu, a wani ya sunkuyar da kai, a wani ya juya yana magana da abokinsa.

Ruwa ya bar rigarsa. Ya bar hannunsa a kafaɗar Mama, ya bar haɓarsa da haƙoransa. Amma daga goshi zuwa ƙasan hanci babu komai, farar takarda ce tas.

"Za ki dawo mini da shi?" in ji Mama.

"Zan gwada."

"Ba gwadawa ba. Ki dawo mini da shi, ki yi shi ƙato, in rataye a falo. Kin yi wa mutanen waje, ni ce ba za ki yi wa ba?"

* * *

Shagona siriri ne kamar lungu, ba shi da taga. Tebur ɗaya, kwamfuta, sikana, fanka mai ƙara, sai kujerar baƙo. Bango ɗaya ya raba ni da shagon Mai Firem. Ni in gyara, shi ya wanke hoton ya yanka gilashi ya sa a firem. A wannan kai-kawon ne abin ya shige mu, ba mu san ranar da ya fara ba. Ina ce masa Maƙwabci, yana ce mini Maƙwabciya, duk layin an san abin ya wuce maƙwabtaka.

Ɓangaren Mama bai ba ni wahala ba. Na zuƙo hoton har zaren mayafinta ya fito, na bi tabon fumfuna ɗaya bayan ɗaya, ina ɗebo launi daga wuri mai kyau ina rufe wanda ya lalace. Na ɗinke tsagar da ta ratsa kafaɗarta. Na dawo wa rigar Babba da shuɗinta.

Da na zo fuskar sai hannuna ya tsaya.

Inda ruwa ya ɓata, ana gyarawa. Inda ya cinye, babu abin da za a gyara, sai dai a ƙirƙira.

Akwai manhajar da take cike fuska da kanta, na ba ta. Ta dawo mini da wani kyakkyawan saurayi mai fata sumul, kamar mai tallan sabulu. Na sake ba ta, ta ba ni wani daban, shi kuma kamar ɗan ƙwallo. Na goge su.

Na ɗauki alƙalamin zane na ce ai ni matarsa ce, zan zana shi da ka. Na rufe ido.

Muryarsa ta zo. Ƙamshin turarensa ya zo, da yadda yake jan silifas a tsakar gida. Idanunsa suka ƙi zuwa. Na matse ido, na matse, sai in ga kamar zai fito, sai ya narke.

A haka Mai Firem ya shigo ya same ni, na kifa kai a kan tebur.

"Maƙwabciya, lafiya?"

"Na manta fuskarsa." Kukan ya ƙwace mini. "Mijina, uban 'yata, na manta idonsa. Wace irin mace ce ni?"

Ya jawo kujerar baƙo ya zauna, bai matso ba. Hannayensa duk ƙananan yankan gilashi, ya haɗe su yana murzawa.

"Mace mai rai," ya ce. "Ba laifi kika yi ba."

"Mama ba ta manta ba."

"Mama ba ta bar shi ya tafi ba ne. Ke ma ba ta bar ki ba."

Na ɗago na kalle shi. Na san fuskar nan, akwai magana a bakinsa.

"Faɗi kawai."

Ya yi ajiyar zuciya. "Tsohuwata ta ce ta gaji da tura manya ana dawo mata da su. Akwai 'yar aminiyarta, tun bara suke maganar ina kaucewa. Yanzu ta ce in ba ta amsa ɗaya, ko ke ko waccan. Ta ce ba za ta mutu ba ta ga ɗana ba saboda matar da ba a ba ni ba."

"Ta yi gaskiya."

"Ban zo ki ce ta yi gaskiya ba! Na zo ki ce mini in tsaya."

"Ka tsaya har yaushe, Maƙwabci? Ni kaina ban sani ba."

"Ke ba yarinya ba ce. Babu dokar da ta ce sai kin auri ƙanen mijinki. Ki ɗauki 'yarki ki fito, in sun hana akwai hukuma."

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Hukuma? In kai wa? Mama? Matar da ta wanke ni da hannunta lokacin da ko tashi ba na iyawa, ita zan tsayar a gaban alƙali? In ɓamɓare Lele daga jikinta tana kuka? Hawan jininta kaɗai ya isa ya kashe ta kafin mu kai bakin titi."

"To ni in mutu a tsaye, tunda ni ba ni da hawan jini."

"Kada ka faɗi haka."

"Me kike so in faɗa? Kullum ina jin ƙarar fankarki ta bangon nan. In kin yi tari ina ji. In kin yi dariya da kwastoma sai in ajiye aiki in saurara. Kina nan kusa da ni kamar in miƙa hannu, kuma an ce ba tawa ba ce. Wallahi na gaji, Maƙwabciya. Ban gaji da ke ba, na gaji da bangon nan."

Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ban taɓa ganin haka ba. Ya tashi ya fita, har ya yi tuntuɓe da wayar fanka.

* * *

Da na gaya wa Mama fuskar ta gagara, ko ɗar ba ta ji ba.

"Wannan ne abin damuwa? Ga Ƙarami nan. Ai kamarsu ɗaya, tun suna yara mutane ke rikita su. Ya je ki ɗauke shi, ki duba ki cike."

"Mama, ba a yin haka. Zai zama..."

"Ciki ɗaya suka fito, nono ɗaya suka sha. Gobe zai zo."

Ya zo bayan an tashi daga makarantar da yake koyarwa, da allin da ya ɓata masa hannun riga. Da can Ƙarami abokin wasana ne. Shi ne mai leƙa tukunyata ya ce, "Anti, gishirin nan gaba kike yi da shi?" Tun da Mama ta fara wannan maganar ko ido ba ma haɗawa. In na shigo falo ya fita, in ya shigo na fita.

Na zaunar da shi a kujerar baƙo, na kunna fitila, na daidaita hasken ya zo daga hagu kamar na tsohon hoton.

"Ɗaga haɓarka. Juyo kaɗan. Yi dariya."

Ya yaƙe haƙora.

"Dariya na ce, ba ciwon haƙori ba."

Sai dariyar gaske ta kuɓuce masa, na danna. A wannan ƙiftawar kamar Babba ne ya shigo shagon.

Ya lura. Dariyar ta ɗauke.

"Ke ma shi kika gani ko?" ya ce. "Kowa shi yake gani. Kin san Mama takan kira ni Babba in ta shagala? Da ina gyara mata. Yanzu amsawa nake."

Na ajiye kyamarar na zauna a bakin tebur.

"Ƙarami, don Allah ka gaya mini gaskiya. Kana son wannan auren?"

Ya kalli takalminsa.

"Ba zan ce ina miki irin son da mutumin can yake miki ba." Ya nuna bango da haɓa. "Ina da ido, Anti. Amma ba zan cuce ki ba. Lele jinina ce, ba za ta san maraici a hannuna ba. Mama kuma za ta yi barci."

"Kai fa? Ba ka da wadda kake so? Ina malamar nan da kake rakawa tasha?"

Ya yi wani murmushi da ya fi kuka ciwo.

"An yi aurenta. Ta jira, ta jira, na kasa kai maganarta gida. Duk ranar da na buɗe baki sai Mama ta kama kuka ta ce wa zai riƙe mata gidan Babba."

"Innalillahi. Ban sani ba."

"Ba wanda ya sani." Ya ɗago, karo na farko ya kalle ni ido cikin ido. "Don haka ki ji ni da kyau, Anti. Ni na riga na rasa tawa saboda maganar nan. Kada ya zama na rasa ta a banza."

Na kashe fitilar. Ina zaton zan sami abokin kuka mu je mu roƙi Mama tare. Ashe shi ma ƙofa ce da aka rufe.

* * *

Na yi aikin.

Na yanko goshin Ƙarami da idanunsa da hancinsa na ɗora a kan farin wurin. Na rage faɗin, na karkata shi har ya hau kan haɓar Babba daidai. Na daidaita launin fata, na sassauta kaifin sabon hoton, na zuba masa ɗan dishi-dishin tsufa don kada ya fi sauran haske. Inda suka haɗu a ƙasan hanci na bi da alƙalami a hankali har ni kaina na daina ganin ɗinkin.

Tun da nake sana'ar nan ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba. Ban kuma taɓa tsanar aikin hannuna kamarsa ba.

Babu mai wanke babban hoto a layinmu sai Mai Firem. Na kai masa.

Ya buɗe a kwamfutarsa ya tsura masa ido. Bai taɓa ganin Babba ba, amma ya san Ƙarami.

"Wannan kike so in sa wa gilashi?"

"Aiki ne, Maƙwabci."

"Aiki ne," ya maimaita. "Wane katako?"

"Mai duhu."

Ya wanke shi, ya yanka gilashin, ya goge, ya buga ƙusoshin baya ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya naɗe shi da takarda ya ce, "Ya yi miki nauyi. Zan kai ki a mota. Ba zan shiga ba, zan tsaya a bakin get. In kin fito ki ba ni amsar da zan kai gida."

* * *

Da yamma ne, rana ta yi sanyi. Mama tana falo tana tsefe wa Lele kai, Ƙarami yana gefe yana duba takardun ɗalibansa. Na jingina firem ɗin a kan kujera na yage takardar.

Matsefin ya faɗi daga hannun Mama.

Ta taso da rarrafe, ba ta ma tsaya miƙewa ba. Ta shafa gilashin da tafin hannu biyu, daga goshi zuwa haɓa.

"Babba. Babbana. Ka dawo?" Ta juyo hawaye har wuya. "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Allah ya ba ki mai yi miki."

Lele ta matso da rabin kai a tsefe. Ba ta san ubanta ba sai a labari. Ta kalli hoton, ta juya ta kalli Ƙarami, ta sake kallon hoton.

"Kaka, wannan ne Babana?"

"Shi ne, 'yar lelena."

"Ashe Baffa ne Babana!" Ta yi tsalle ta faɗa jikin Ƙarami. "Baffa, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ƙarami ya sandare. Na jira Mama ta gyara mata. Mama ta yi murmushi cikin hawaye ta ce, "Ai duk ɗaya ne, Lele. Duk ɗaya ne."

Na saki takardar da na yage.

"Ba ɗaya ba ne, Mama."

Ban taɓa mayar mata da magana ba tun da na shigo gidan nan.

"Ƙarami, ɗauki Lele ku je tsakar gida," na ce. Ya ɗauke ta ya fita ba musu.

Na durƙusa a gabanta.

"Mama, ki yafe mini. Wannan ba Babba ba ne. Rigarsa ce, hannunsa ne, haɓarsa ce. Amma idon na Ƙarami ne, goshin na Ƙarami ne. Ni na ɗora da hannuna. Kada ki bari yarinyar nan ta tashi ba ta san waye ubanta ba."

Na zaci za ta yi ihu. Sai ta koma ta zauna a ƙasa, ta jingina da kujera, muryarta ta yi sanyi.

"Kina tsammani ban sani ba?"

Na ɗago.

"Ni na haife su. Babba in ya yi dariya idonsa na hagu kusan rufewa yake, kamar mai leƙen rana. Wannan duka biyun a buɗe suke. Tun kafin ki gama yage takardar na gani."

Idon hagu. Sai a lokacin ya dawo mini, gaba ɗaya, fuskarsa tar kamar yana tsaye a bakin ƙofa. Na toshe bakina da hannu.

"Na sani," in ji Mama. "Ki bar ni da ƙaryata. Tsohuwa ce ni, me ya rage mini? In na tashi da safe in ga wannan a bango, in ji muryarki a kicin, in ji Lele tana kiran wani Baba a gidan nan. Shi ke nan abin da nake roƙo. Ya yi yawa?"

"Hoto ne wannan, Mama, ba ya jin zafi. Ni ina ji. Ƙarami yana ji. Ba zan iya kwana da mutum ina neman wansa a fuskarsa ba. Ba zan aure shi ba. Ki zage ni, ki doke ni, amma ba zan iya ba."

"Saboda mai gilashin can."

"Ko babu shi. Amma akwai shi, Mama, kuma ina sonsa. Ban ci amanar Babba ba, Allah ne shaidata. Na yi kukansa har hawayena suka ƙafe. Shekaruna nawa? In zauna haka har in tsufa?"

Daga tsakar gida muna jin Lele tana dariya.

Da ta yi magana, ba fushi a ciki. Da ma akwai, da ya fi mini sauƙi.

"Ban ɗaure ki ba, 'yata. Ki je ki aure shi. Ni da kaina zan raka ki, in sa miki albarka a gaban kowa." Ta kamo hannuna ta matse a ƙirjinta, ina jin zuciyarta tana bugawa da sauri. "Amma ki bar mini Lele. Ruwa ya cinye mini hotonsa. Idonsa na hagu yana fuskar yarinyar nan, can kaɗai ya saura a duniya. In kika fita da ita, ki tsaya ki rufe ni tukuna, ba zan ɓata miki lokaci ba."

"Mama..."

"Ba barazana nake miki ba. Abin da na sani nake gaya miki."

* * *

Mai Firem yana tsaye a jikin motarsa inda na bar shi. Yana ganin fuskata ya miƙe sosai.

Ban fita ba. Na tsaya a cikin get, hannuna a kan ƙarfen.

"Na gaya mata ba zan auri Ƙarami ba."

Fuskarsa ta washe, ya tako da sauri. "Alhamdulillahi! To ai shi ke nan, gobe zan..."

"Ta ce in aure ka. Ta ce in bar mata Lele."

Ya tsaya cak.

"Ba zan fita in bar 'yata ba, Maƙwabci. Ba kuma zan ɗauke ta in kashe tsohuwar nan ba."

"To ni fa?"

Na girgiza kai, hawaye suna shiga mini baki.

"Ki yi magana mana. Ni fa? In jira tsohuwa ta mutu? Haka kike so in zama, mutumin da yake tashi kullum yana sauraron labarin mutuwa?"

"A'a. Shi ya sa ba zan ce ka jira ba."

"Kuma ba za ki ce in tafi ba."

"Bakina ba zai iya ba."

Ya juya mini baya, ya dafa rufin motar da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa. Wata mota ta wuce, wani mai keke ya waiwayo yana kallonmu. Da ya juyo ya goge fuska da hannun riga.

"Tsohuwata tana zaune tana jirana," ya ce. "Ban san me zan ce mata ba. Wallahi ban sani ba."

Ya shiga mota. Bai tayar nan da nan ba, ya zauna riƙe da sitiyari yana kallona ta gilashi, ko zan ɗaga ƙafa in tsallako. Ƙafata ta ƙi. Daga bayana Lele ta ƙwala kira, "Mami! Mami, zo ki riƙe wa Baffa kujera!"

Motar ta tashi a hankali, ta sha kwana.

Ba wanda ya ce in rufe get ɗin. Ni na jawo shi da hannuna, na zura sakata.

Daga falo na fara jin ƙarar guduma. Ƙarami ne yake kafa ƙusa a bango.